Idan annoba ta sake zuwa, wa zai riƙe mai tuwon tasha da makaɗin biki a Funtua da Malumfashi?

A ƙarshen watan Maris na 2020, kwanaki kaɗan bayan gwamnatin Jihar Katsina ta dakatar da sallar Juma'a da tarukan jama'a saboda annobar korona, wasu matasa suka cinna wa ofishin 'yan sanda wuta a garin Kusada. An yi asarar rai. Dokar ta sauko ne daga Katsina, kuma babu wani zaɓaɓɓen shugaba na kusa da zai shiga tsakanin jama'a da jami'an tsaro, ya yi bayani da harshen da mutane za su ji.

Wannan giɓi ba a Kusada kaɗai yake ba. A duk tsawon lokacin da korona ta yi tana cin kasuwarta, ƙananan hukumomi 34 na jihar ba su da zaɓaɓɓun shugabanni. Gwamna Aminu Bello Masari ya rushe majalisunsu tun 2015, Kotun Ƙoli ta ce rushewar ta saɓa wa doka a watan Mayun 2021, ba a kuma yi sabon zaɓe ba sai Afrilun 2022. Ke nan a shekarun da talaka ya fi buƙatar kansilan da ya san ƙofar gidansa, waɗanda ke riƙe da sakatariya mutane ne da aka naɗa, waɗanda kunnensu ke wajen wanda ya naɗa su.

Yanzu lamarin ya sauya, aƙalla a takarda. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma a Fabrairun 2025 an sake zaɓen ciyamomi da kansiloli a Katsina. Ko kuɗin na isa yadda kotu ta ce, wannan muhawara ce da ba a gama ba. Amma uzurin "ba mu aka zaɓa ba" ya ƙare. Don haka ya dace a tambayi shugabannin Funtua, Malumfashi, Bakori, Ɗanja, Kafur, Ɗandume da maƙwabtansu tun yanzu da ake zaune lafiya: idan gobe aka ce a rufe kasuwa a hana biki, me kuka tanada?

Wanda bai san yankin ba zai ɗauka tambayar ta masu shagali ce. Ba haka ba ne. A kudancin Katsina, biki da kasuwa su ne hanyoyin da kuɗin gona ke bi su shiga gidan wanda ba shi da gona.

Manomi ya sayar da masara, ko waken suya, ko auduga. Da kaka ta yi, sai a sa ranar aure. Daga wannan rana guda ɗaya tela zai ci abinci, mai ƙunshi za ta samu, haka mai yin alkaki da nakiya da dubulan na gara, da kafintan da ya haɗa gado, da mai hayar rumfa da kujeru, da mai hoto, da mahauci, da ɗan acaɓan da ya yi ta jigilar 'yan biki, da mai kalangu, da maroƙi, da zabiya, da yaron da ke kunna kiɗan DJ. Funtua dai gari ne da ya san darajar kiɗa a matsayin sana'a, domin a nan marigayi Alhaji Mamman Shata ya yi zamansa na shekaru masu yawa, kuma kowa ya san yawan bakunan da ke ci a bayan makaɗi guda.

Kasuwa ma haka take. Buhun hatsin da aka sauke a Ɗandume ko Bakori, kafin ya hau mota ya bi hanyar Zariya ko Gusau, ya riga ya ciyar da ɗan dako, da dillali, da mai awo, da mai ɗinkin buhu, da ɗan kamasho, da matar da ke kulle a gida ta aiko 'yarta da tallan fura. Kwandon tumatirin Ɗanja ba ya jiran a ɗage doka. Lokacin da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Yulin 2020, a daidai gaɓar da manomi ke neman kuɗin taki da iri, waɗannan mutane ne suka fara jin jiki. An soke hawan Sallah ƙarama da babba a shekarar. Babu alhazan Najeriya da suka sauke farali a 2020 da 2021, don haka babu walimar dawowa, babu cinikin da ke biyo bayanta.

Kada a fahimci wannan a matsayin cewa matakan da aka ɗauka ba su da dalili. Cutar gaskiya ce. Mutum na farko da aka tabbatar ta kashe a jihar likita ne a Daura, a farkon Afrilun 2020. A Kano, ministan lafiya na lokacin ya faɗi cewa binciken da aka yi kan mace-mace 979 na watan Afrilu ya nuna kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Masu cewa cutar masu kuɗi ce ko ƙirƙira ce sun yi kuskure, kuma kuskuren ya ci rayuka. Abin da ake ƙorafi a kai shi ne an san yadda ake rufewa, ba a san yadda ake riƙe wanda aka rufe wa hanyar abinci ba.

An dai yi shelar tallafi iri-iri. Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 na rance ta bankin NIRSAL. Gwamnatin tarayya ta fito da asusun ceto ƙananan sana'o'i na naira biliyan 75, wanda a cikinsa aka ba masu sana'ar hannu naira 30,000 sau ɗaya. An ɗauki mutum dubu a kowace ƙaramar hukuma aikin wucin gadi na wata uku a kan naira 20,000 duk wata. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 na shirin NG-CARES a Disambar 2020. Kuɗi ne masu yawa, kuma akwai waɗanda suka amfana. Sai dai ƙofar shiga mafi yawansu ita ce intanet, da asusun banki, da lambar BVN, wani lokacin har da rajistar kamfani. Mai tuwon tashar Malumfashi wace rajista gare ta? Makaɗin da ke bin ƙauyukan Kafur da kalangunsa a kafaɗa, wane shafi zai buɗe ya cike fom? Waɗanda suka iya danna waya da waɗanda ke da ɗan'uwa a ofis su suka sha romon. Ragowar kuma suka ga hotunan ɗakunan ajiya maƙare da kayan tallafin CACOVID da aka fasa a wasu jihohi a watan Oktoban 2020, watanni bayan yunwar kulle ta gama yi musu illa.

A nan ne ƙaramar hukuma take da abin da Abuja da Katsina ba su da shi. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata kafawa da kula da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka da bayan gida na jama'a, da sa ido kan shaguna, gidajen burodi da wuraren sayar da abinci, da kuma hannu a harkar lafiya. Ma'aikatanta ne ke yankar wa mai rumfa rasit duk ranar kasuwa. Hukumar da ta san mutum ranar karɓar haraji bai kamata ta ce ba ta san shi ba ranar rabon tallafi. Kundin masu karɓar kuɗin shiga, idan aka haɗa shi da abin da sarkin kasuwa, sarkin pawa, shugabannin ƙungiyar direbobi da masu unguwanni suka sani, ya fi duk wani fom na intanet faɗin gaskiyar wanda ke sana'a a gari.

Abu mafi sauƙi, wanda ba ya buƙatar izinin kowa, shi ne a yafe kuɗin rumfa da na tebur a duk tsawon lokacin da hukuma ta taƙaita ciniki, da watannin farko bayan an buɗe. Na biyu ya fi wuya amma ya fi amfani: a daina ɗaukar rufewa a matsayin mataki na farko. Kasuwar hatsi ba a cikin ɗaki take ci ba. Ana iya baza ta zuwa filaye biyu ko uku, a raba ranar dabbobi da ta hatsi, a ajiye tankunan ruwa da sabulu a mashiga, a dawo da duba-gari bakin aikinsu da kayan aiki a hannu. Ilimin da aka samu daga korona ya nuna cutar numfashi ta fi yaɗuwa a rufaffen wuri mai cunkoso fiye da fili mai iska. Ƙasar da take da filaye kamar kudancin Katsina ba ta da hujjar yin kwafin dokar da aka tsara don biranen da mutane ke cunkushe a jirgin ƙasa.

Biki ma haka. Kowa ya san abin da ya faru a 2020: an hana taro, amma ba a daina aure ba. Sai aka mayar da kamu da wuni cikin gida, aka rufe ƙofa don kada jami'an tsaro su ji, mata da yara suka cika tsakar gida da ɗakuna. Wato dokar da aka yi don rage cunkoso ita ta tura mutane inda cunkoson ya fi haɗari, ta kuma buɗe wa wasu ɓata-garin jami'ai hanyar karɓar na goro. Da ƙaramar hukuma ta ce ga filin makarantar firamare, ga iyakar mutanen da za su taru, ga lokacin tashi, ga ma'aikacin lafiya guda a bakin ƙofa, da an yi auren a sarari, tela da mai abinci sun samu nasu, hukuma kuma ta san inda za ta bi sawu idan wani ya kwanta ciwo.

Akwai misali daga nesa da zai yi wa masu karatu da yawa nauyi a kunne, amma darasinsa na tsari ne. A birnin Sidni na ƙasar Ostireliya, ana yin wani babban bikin shekara-shekara na masu neman jinsinsu da waɗanda suka sauya jinsi, wanda majalisar birnin ke cikin masu tallafa masa, kuma dubban masu otal da gidajen abinci ke cin kasuwa a lokacinsa. A watan Maris na 2021, maimakon a soke shi, sai aka ɗauke jerin gwanon daga kan titi aka kai shi babban filin wasan kurket na birnin, kowa da tikitinsa da kujerarsa. Majalisar birnin ta kuma yafe wa masu gidajen abinci kuɗin da ake biya don baza tebura a waje. Hukumomin can sun yi lissafin cewa mutanen da aka hana taro a fili za su yi shi a ɓoye, kuma ɓoyayyen taro ya fi zama barazana ga lafiyar kowa.

Irin wannan biki ba zai yiwu a Funtua ko Malumfashi ba. Dokar tarayya da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, da shekara 10 kan kafa ƙungiya ko shirya taro irin wannan, sannan Katsina na cikin jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000. Babu ciyaman ɗin da zai ware kasafi don haka, kuma mafi yawan waɗanda suka zaɓe shi ba za su lamunta ba. Amma rufe zancen a nan zai zama kauce wa wata gaskiya da duk wanda ya taɓa cin abinci a tasha ya sani.

'Yan daudu sun daɗe a cikin sana'ar abinci da hidimar biki a ƙasar Hausa. Su ne a bakin tukunya a tashoshin mota da gefen kasuwanni da yawa, suna tuwo da miya da soya kaji, kuma ana kiran su girkin taro. Wani masani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya yi shekaru yana nazarin rayuwarsu a Kano, ya fitar da littafi a kansu a 2009. Ba kowane ɗan daudu ne yake aikata abin da doka ta haramta ba, kuma babu wata doka da ta ce maganar mutum ko tafiyarsa hujja ce a kansa. Duk da haka, a ranar da aka rufe tasha aka hana biki, suna cikin waɗanda abincinsu ya yanke gaba ɗaya, kuma suna cikin na ƙarshe da wani mai unguwa zai rubuta sunansu a takardar tallafi. Da yawansu sun bar garuruwansu, ba su da dangin da za su koma wa. Haka abin yake ga mata masu zaman kansu, da 'yan bori, da mawaƙan da malamai ke yi wa kallon banza. Ana cin abincinsu, ana rawa da kiɗansu, ranar rabo kuma a ce ba a san su ba.

Wannan ba daidai ba ne ta fuskar doka. Sashe na 14 na kundin tsarin mulki ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, bai ce jama'ar da mai unguwa ya yaba da halinsu ba. Buhun shinkafar da aka saya da kuɗin gwamnati ba ladan kyawun hali ba ne. Idan ana zargin mutum da laifi, akwai kotu. Layin karɓar tallafi ko layin rigakafi ba kotu ba ne, kuma kansila ba alƙali ba ne.

Ta fuskar lafiya kuwa, wariyar ta fi zama wauta. Wani bincike da aka yi a Abuja, aka wallafa a mujallar kiwon lafiya ta Lancet HIV a 2015, ya gano cewa a cikin mazan da ke neman maza da aka bibiya, masu tsoron zuwa asibiti sun ƙaru daga kashi 25 zuwa kashi 38 cikin ɗari bayan dokar 2014. Mutum zai iya goyon bayan dokar ɗari bisa ɗari, amma lissafin ba ya canzawa: wanda ke tsoron asibiti ba ya zuwa gwaji, wanda bai yi gwaji ba kuma yana nan yana zuba wa matafiya miya a tasha. Ƙwayar cuta ba ta tambayar wanda ya dafa ko wanda ya ci. Samamen da ake kaiwa kan tarukan da ake zargi, kamar kama mutum 53 a Zariya a 2017 da mutum 76 a Gombe a 2023, ya koya wa mutane irin waɗannan cewa duk takardar da hukuma ta miƙo a rubuta suna tarko ce. A lokacin annoba, wannan darasi kan dawo ya cutar da gari baki ɗaya.

Shi ya sa kundin masu sana'a da ake kira ga ƙananan hukumomi su haɗa yake buƙatar sharaɗi mai ƙarfi. Abin da za a rubuta shi ne suna, da sana'a, da wurin da ake yin ta. Mai tuwo mai tuwo ne. Kada kundin ya fita daga sashen da ke kula da tallafi zuwa hannun wata hukumar kame, kuma a faɗi haka a bainar jama'a, a bakin ciyaman da hakimi, don mutane su yarda su fito. Sarkin Maska a Funtua da Galadiman Katsina a Malumfashi suna da muryar da idan suka ce kowa ya zo a rubuta shi ba za a taɓa shi ba, za a ji. Idan kuma aka bar rubutun a hannun shugabannin jam'iyya na mazaɓa, to an san inda zai ƙare: a gidajen 'yan'uwa da 'yan bangar siyasa, kamar yadda mutane da yawa suka yi ƙorafi a rabon guraben aikin mutum dubu.

Wani zai ce korona ta wuce, yankin kuma yana da matsalar da ta fi ta, wato 'yan bindiga. Gaskiya ne, kuma wannan ma hujja ce ga maganar. Tsakanin ƙarshen Agusta da Satumban 2021, gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 da suka haɗa da Funtua, Malumfashi da Bakori. Dalilin ya bambanta, amma waɗanda suka kwana da yunwa su ne dai na 2020: mahauci, dillali, mai cajin waya, mai POS, mai abincin kasuwar shanu. A daminar wannan shekarar kuma kwalara ta ɓarke a jihar, Funtua na cikin inda ta fi ƙamari. Bayanta mashaƙo ya zo a 2023, sanƙarau kuma ba ya rasa leƙowa da bazara. Yankin da aka rufe wa kasuwa sau biyu cikin shekara biyu bai kamata ya zauna ba tare da rubutaccen tsarin abin da za a yi a karo na uku ba.

Tsarin ba sai ya zama babban kundi da aka biya wani ɗan kwangila ya rubuta da Turanci ba. Shafi kaɗan ne da Hausa: waɗanne filaye za a baza kasuwa, waɗanne makarantu za a ba da aron harabarsu don ɗaurin aure da walima, wa zai kawo ruwa, wane haraji za a dakatar, wa ke riƙe da kundin masu sana'a, kuma a wane bango za a liƙa adadin abin da aka raba a kowace mazaɓa. Majalisar kansiloli na da ikon yin dokar cikin gida a kan kasuwa da tasha, kuma ita ce ke amincewa da kasafin ƙaramar hukuma. Idan ciyamomin shiyyar Funtua suka miƙa kasafin baɗi, kansiloli su duba ko akwai layin kuɗin ko-ta-kwana na annoba a ciki, nawa ne, kuma sa hannun wa ake buƙata kafin a taɓa shi.